Takalmin da Na Bari a Rataye

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Sunayen abokan aikina na farko duk sun gudu, jiya ma sai da na sa jikata neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai wata rana da na hau wani dutse tsakanin Faskari da Sabuwa, wadda ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na tabbata ba zan manta da ita ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa. Na kusa rasa raina a ranar, amma ba wannan ne ya sa ta zauna mini a zuciya ba. Maganar takalmi ce.

Mahaifina baduku ne a Ƙanƙara. Rumfarsa tana gefen kasuwa, kusa da inda majema ke baza fatu, kuma takalma kaɗai yake ɗinkawa, ba ya taɓa sirdi ko jaka. Yana da wasu ɗabi'u biyu da duk mai zuwa rumfar ya sani. Ta farko, ba ya yanka fata sai ya tambayi mutum, "Ina za ka da shi?" In ka ce kasuwa da masallaci, akwai irin naka. In ka ce bin shanu cikin ƙaya, akwai naka daban. Na sha ganin mutum ya nuna takalmi mai ado yana so, Baba ya hana shi, ya ce wannan ba na hanyarsa ba ne. Ta biyu kuma, ba ya auna ƙafa da safe. Yakan ce ƙafar safe maƙaryaciya ce, sai ta sha tafiya ta buɗe sannan take faɗin gaskiyar girmanta. Saboda haka in ka zo da hantsi, sai ya ce ka je ka gama cin kasuwarka ka dawo bayan la'asar.

A jikin ginshiƙin rumfar akwai wani guntun ƙirgi, wato fatar shanu, da yake rataye shekara da shekaru. Wannan nawa ne. Tun ina ɗan ƙarami, kowace shekara Baba zai sauko da shi, ya ce in taka, ya bi gefen ƙafata da tsinin basilla ya zana. Ƙafar bana tana kewaye ta bara, ta bara tana kewaye ta bara waccan, har ƙirgin ya cika da zane, ƙaramar ƙafa a tsakiya, manya suna zagaye da ita. Da aka kai ni makarantar boko a birnin Katsina, da wannan zanen yake ɗinka mini takalmi ya ba fatake su kai mini. Duk hutun da na zo, kafin in sha ruwa ma sai na taka ƙirgin nan.

A makarantar ce na koyi jin kunyar sana'ar ubana. Ba wanda ya koyar da ni a aji. Yara ne kawai, wani ya toshe hanci in na wuce ya ce yana jin warin jima, wani ya tambaye ni ko Baba zai ɗinke masa hancin takalminsa. Wasa suke yi, su sun manta tun a ranar, ni kuwa na ƙulle abin a ciki na yi ta renonsa. Kafin in gama makaranta, in aka tambaye ni aikin mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne, in yi sauri in sauya zance.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, aka ɗauke ni aikin malamin daji, aka tura ni Faskari. Aka ba ni kaki, riga da gajeren wando, da ɗan littafin rubutu. Ranar da na karɓi albashina na farko ban zarce ko'ina ba sai wani kanti a Funtuwa, da sassafe tun ana buɗe ƙofa, na sayi takalmi sau-ciki, baƙi wuluk, mai igiya, tafinsa sumul. Da na gwada ya ɗan matse ni, mai kanti ya ce ai haka sabo yake, zai saki. Daga nan na kai shi wurin wani mai gyara a tasha ya buga mini ƙarfe a dunduniya da kuma baki, domin a lokacin duk wani ma'aikaci da ya isa, tun daga nesa ake jin takunsa a simintin ofis, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Allah ya sani, har kewaya ofishin nake yi ba tare da wani dalili ba, don dai in ji wannan ƙara.

Ba a jima ba aka ba ni aikina na farko mai nauyi. Ana shata iyakar gandun daji, aka ce in hau wani dutse da ke kan iyakar, in tara duwatsu a ƙololuwarsa in shafe su da farar ƙasa, yadda za a riƙa hango alamar daga nesa. Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyar da kai. Na sami kwana uku na zo gida kafin tafiyar. Da muke cin tuwo na ba da labari, ina hura hanci, cewa ni kaɗai aka zaɓa. Baba ya saurara, sannan ya tambaye ni ko dutsen tarin ƙanana ne ko kuwa falale ne guda. Na ce falale ne, ana hango shi yana ƙyalli tun daga hanyar Sabuwa. Ya ce, "Hmm."

Ranar da zan koma ta dace da ranar kasuwa. Na sha kakina, na goge takalmi har yana ɗaukar ido, na biya rumfa in yi sallama. Akwai mutane zaune, har da wani dattijon majemi, aminin Baba tun suna samari. A garinmu yaro ba ya isa gaban babba da takalmi a ƙafa, balle gaban ubansa. Amma takalmi mai igiya cire shi aiki ne, mayar da shi aiki ne, ga mota tana lodi. Sai kawai na durƙusa da abina a ƙafa na gaishe su. Na ga majemin ya dubi ƙafata, ya dubi Baba, ya kawar da kai.

Baba ya sa hannu bayansa ya jawo wasu takalma. Na ƙirgi ne, masu kauri, ba rini, ba ado ko ɗigo, da maɗauri a baya mai riƙe dunduniya. Ya juya tafinsu ya nuna mini. Bai kankare shi ya yi santsi ba, ya bar shi da kaushinsa, ya kuma bi shi da tsaga-tsaga a gicciye.

Ya ce, "Ga wanga, na hawan dutse ne. Fatar wuyan sa ce. Da zanen bara na yanka, na ɗan ƙara da ido. Taka nan in gani ko na yi daidai, bana ban auna ka ba."

Ya miƙa hannu zai sauko da guntun ƙirgin nan nawa. Ni kuwa na dubi mutanen da ke zaune, na dubi kakina, sai na ji kamar duk kasuwar Ƙanƙara ni take kallo. Har yau in na tuna abin da ya fito daga bakina sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Na ce, "Baba, ai wannan na mutanen ƙauye ne. Ma'aikaci ba ya sa irin wannan. Ga takalmina na sayo na kanti, ya fi ƙarfi."

Baba bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya dubi takalmin da ke ƙafata, ya daɗe yana duban ƙarfen da ke dunduniyar, kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya haɗa takalman nasa biyu ya ɗaure su da maɗaurinsu, ya rataye a ginshiƙi, a kan ƙirgin. Ya ce, "To. Allah shi kiyaye hanya." Ya ɗauki basillarsa ya ci gaba da ɗinki.

Da na biya gida ɗaukar jakata, labari ya riga ni isa, don kasuwa ba ta riƙe magana. Inna ta tare ni a zaure. Ta ce, "Kwana biyu yana bisa takalmin nan, ko tuwon rana bai ci da zahi ba. Ka koma ka amsa, ko ba ka sawa." Na ce mota za ta tashi ta bar ni. Ta dube ni ta ce, "Tahi. Jiki magayi." Na shiga mota zuwa Sheme, daga can na hau kekena da na bari ajiya na ƙarasa Faskari. A hanya raina bai yi mini daɗi ba, amma na yi ta gaya wa kaina cewa ai gaskiya na faɗa, zamani ne ya sauya.

Bayan kwana biyu na isa wani ɗan ƙauye a gindin dutsen. Mai unguwa ya haɗa ni da Sarkin Baka, wato shugaban maharban wurin, ya ce ba wanda ya san dutsen kamarsa. Wani dattijo ne siriri, gajere, mai furfura a gemu, da sandar gora a hannu da burgami, wato jakar fata, a kafaɗa. Muka yi sallar asuba, muka sha koko, ya zuba farar ƙasar a burgaminsa, muka kama hanya ta cikin gonaki, raɓa tana jiƙa mini safa.

Yana tafe yana jana da hira. Ya ce, "Malam, ɗan ina ne?" Na ce Ƙanƙara. Ya ce, "A'a, garin arziki. Ɗan gidan wa?" Na ce mahaifina ɗan kasuwa ne, yana ɗan taɓa harkar fata. Bai matsa ba. Da muka iso inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara, na ɗora ƙafa, takalmina ya ce ƙwas. Sarkin Baka ya tsaya cak, ya waiwayo.

Ya ce, "Malam, da waɗanga za ka hau?"

Na ce, "Ƙwarai. Na Turawa ne, har ƙarfe gare su."

Ya ce, "Shi na ji. Mu nan ko jaki ba mu sa ma ƙarhe in za shi bisa hwalale." Ya yi 'yar dariya, ya ƙara da cewa, "Amma ku ne masu ilimi."

Na ji zafin maganar, na ɗaure fuska, na wuce gaba don in nuna masa.

Farkon hawan bai ba ni wahala ba, don akwai ciyawa da ƙananan itatuwa a tsakanin duwatsu, ana samun abin kamawa. Abin da ya fara damuna matsi ne. Takalmin da na gwada da sassafe a kanti, ƙafa ba ta je ko'ina ba, yanzu ga shi ƙafar ta sha tafiya ta buɗe, shi kuwa bai saki ba kamar yadda mai kanti ya yi alkawari. Dunduniyata ta fara zafi, 'yan yatsuna suka dunƙule. Na tuna da maganar Baba a kan ƙafar safe, na yi sauri na kore ta daga raina. Sarkin Baka kuwa yana gabana yana tafiya a hankali, ba a jin takunsa ko kaɗan, lokaci-lokaci ya tsaya ya nuna mini kashin rema ko inda birai suka kwana.

Da hantsi ya ɗaga muka fito kan falalen. Ba ciyawa, ba itace, dutse ne guda a kwance a karkace, ya miƙe sama har inda ido ya gaji. A wasu wurare ruwan damina yana tsatsowa daga tsaga, yana gangarowa siriri, ya bar baƙin zane mai gansakuka. Sarkin Baka ya ce in riƙa taka inda ya taka, in kuma na zo wurin ruwan in ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, kada in dogara da dunduniya. Na ce to. Amma takalmi mai tauri ba ya lanƙwasa ya kama dutse, ƙarfen ne kawai ke taɓawa, gaba da baya. Kowane taku sai na ji ƙafata ta ɗan ja baya kafin ta tsaya. Na fara tafiya a sunkuye, ina dafa dutse da hannu, gumi yana shiga mini ido.

Mun tsallake zanen ruwa biyu lafiya. A na uku ne abin ya faru. Na ɗora ƙafar dama, ƙarfen ya ce ƙiii, sai kawai na ga dutse ya taso ya bugi ƙirjina. Na fara zamewa ƙasa a kan cikina, a hankali da farko, sannan da sauri. Na kai hannu ko'ina ba abin kamawa, farcena yana karce dutse. Hulata ta tashi, na gan ta tana mirginawa har ta ɓace a inda falalen ya yanke. Ban yi ihu ba, salati kawai na ji bakina yana yi. Allah da ikonsa, akwai wata tsaga da wani ɗan ƙaramin gamji ya tsiro a ciki, gwiwata ta faɗa tsagar, na rungume saiwarsa da hannu biyu. Da na leƙa ƙasa, tsakanina da bakin da hulata ta bi bai fi tsawon mutum uku ba.

Ban san yadda tsohon nan ya iso ba. Na dai ga ƙafafunsa a gefen fuskata, sun kafu a kan dutsen nan mai santsi kamar a tsakar ɗaki. Ya miƙo mini gora, ya ce, "Kama. Kada ka dubi ƙasa, dube ni." Ya ja ni a hankali zuwa wani ɗan lungu mai inuwa, ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ya ce in cire takalman. Da na zare safa, dunduniyoyina duka biyu sun yi bororo sun fashe, ɗan yatsana ƙarami yana jini. Na ce to zan ƙarasa da ƙafa haka nan. Ya kama tafin ƙafata ya latsa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Wagga ƙahwa ta 'yan makaranta ce, ta yi laushi. In rana ta take, dutsen ga ko ƙwai ka aje sai shi dahu. Ba ka hawa, ba ka sauka."

Sai ya kwance nasa takalmin ya turo mini. Na ce shi fa? Ya ɗaga tafin ƙafarsa ya nuna mini, duk kanta ce da faso, ya ce shi da nasa aka haife shi, takalmin don ƙaya yake sawa da kuma tsufa.

Na ɗauki takalmin ina juyawa. Tsoho ne, ya yi baƙi don gumi da man kaɗe, gurbin yatsun mai shi ya fito a jiki. Na kifa shi. Tafin yana da kaushi, ga sauran tsaga-tsaga a gicciye, sun sha dutse sun kusa shafewa. Na dubi maɗaurin dunduniya, na ga yadda aka ninka bakinsa aka yi masa ɗinki biyu aka ɓoye ƙullin a ciki don kada ya ci ƙafa. Na san wannan ɗinki. A gabana aka yi irinsa sau ɗari, ina zaune ina wasa da guntayen fata.

Sarkin Baka ya ga ina kallo, ya ɗauka sha'awa ce. Ya ce, "A garinku na samo shi. Damina shida ke nan, maɗauri kaɗai na sake. Wani baduku ne can gehen majema. Na kai hwatun gada kasuwa, na ga wani takalmi ja mai ado, na ce shi nike so. Ya ce mani, ina za ka da shi? Na ce dutse. Wallahi mutumin nan ya hana ni. Na yi hushi na tashi, ya ce in na gama hushin in dawo bayan la'asar." Ya yi dariya har da buga gora. "Na kau dawo. Ka ga da na sayi jan nan, da tuni ungulu sun gama da ni."

Ya ci gaba, yana ɗaure mini maɗaurin da hannunsa, yana kauce wa inda ya fashe.

Ya ce, "Abin da ban mantawa, wani ƙirgi na gani rataye a rumhwar, an zana ƙahwa cikin ƙahwa, tun daga 'yar mitsitsiya. Na ce, Malam, wanga laya ce ko mi? Ya sauko da shi ya nuna mani, ya ce ƙahwar ɗana ce, yana Katsina yana karatu. Ya ce in kewa ta ishe shi sai shi ɗauko shi duba. Ka ga mutum yana maganar ɗanshi, huska duk ta washe. Na ce Allah shi raya. Kai da kake ɗan garin, ka san shi kuwa?"

Zamewar da na yi ba ta sa ni hawaye ba, amma wannan tambayar ta sa. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni ne ɗan. Ƙafata ce."

Ya daina ɗaurin. Ya dube ni, ya dubi baƙaƙen takalman da ke gefe suna ƙyalli, ya sake dubana. Ya ce, "Kai ne ka ce mani ɗan kasuwa ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Bai yi maka na hawan dutse ba?" Na ce ya yi, na bar shi a rataye. Sannan ya ƙarasa ɗaurin, ya ja ya ji ya kama, ya miƙe ya ce, "To tashi. Ka ƙi shi a Ƙanƙara, ga shi ya biyo ka har nan. Mu tahi rana na yi."

Takalmin ya ɗan yi mini kaɗan, amma da na taka sai na ji dutsen ya riƙe ni. Fatar tana lanƙwasa tana bin ƙafa, yatsuna suna jin inda suke. Muka tsallake sauran zanen ruwan ban ko dafa ba. A ƙololuwa muka tara duwatsu har suka kai ƙirjina, muka kwaɓa farar ƙasa da ruwan wani ɗan gurbi, muka shafe su tas. Daga can ana ganin gonaki shimfiɗe har wajen Mairuwa, da hayaƙin ƙauyuka, da garken shanu kamar an watsa wake. Sarkin Baka yana nuna mini wurare yana faɗin sunayensu, ni kuwa arewa maso gabas kawai nake duba, wajen gida. Muka sauko bayan azahar, shi a gaba ba takalmi, ni a baya, na kanti kuma a rataye a wuyana da igiyarsu.

Ban iya jira hutu ba. Da na kai rahoto na roƙi kwana biyu, na kama hanyar Ƙanƙara. Na isa bayan la'asar, ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk wayam, sai Baba da amininsa majemi. Tun daga bakin layin na tsaya na cire abin da ke ƙafata, na taka ƙasa da ƙafa ina ɗingishi, na zo na durƙusa. Na ɗaga ido na dubi ginshiƙi. Takalman suna nan a rataye yadda ya bar su. Daga baya Inna ta gaya mini mutum biyu sun taya, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Na shirya magana mai tsawo a hanya, amma da na zo duk ta watse. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Baba, ka yafe mini. Na zo ka auna ni."

Ya kamo ƙafata ya ɗora a cinyarsa, kamar yadda yake yi ina yaro, ya duba dunduniyar, ya duba yatsan, ya ga karcen da ke gwiwata. Ya ce, "Ƙarhen nan ne ko?" Na ce shi ne. Ya ce, "Na gani tun ran nan. Na so in hwaɗa maka, na ga ba ka da kunnen ji. Ban yi barcin kirki ba sai yau da na gan ka." Majemin ya share murya ya ce shi bari ya je ya duba fatunsa, alhali ba wata fata a shanye.

Baba ya lakato man kaɗe ya shafa mini a ciwon. Ya ce ba a auna ƙafa mai ciwo, in bari ta warke. Amma ya sauko da takalman ya ce in zura a hankali. Na zura. Kamar a ƙafata aka yanka su, ba ragi ba ƙari. Ya yi murmushi ya ce, "Ido ba mudu ba." Sannan ya dube ni, ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa, wadda bai taɓa yi mini ba don kullum shi ya san hanyata. Ya ce, "To, Malam, ina za ka da shi?" Na ce, "Duk inda aka aike ni, Baba." Ya ce, "To ya yi."

Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin daji, na hau duwatsu da ban san adadinsu ba, kuma muddin Baba yana raye ban sake hawa da takalmin wani ba. Na kantin ban jefar ba, na sa an cire ƙarfen, na riƙa sawa ranar taro. Zane biyar ya ƙara a ƙirgin nan kafin ya rasu, duk a wuri guda, don ƙafar ta daina girma, amma bai fasa cewa in taka ba, ni ma ban sake ƙi ba. Ƙirgin yana cikin akwatina yanzu haka.

Abin da ranar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni rayuwa. Takalmi ba don idon mutane ake zaɓensa ba, don hanya ake zaɓensa, kuma wanda ya san ƙafarka tun tana 'yar mitsitsiya ya fi mai kanti sanin abin da zai riƙe ka. Ni na yi sa'a, na sauko na tarar da nawa a rataye, da mai shi a zaune. Ba kowa ke samun haka ba. Shi ya sa in na ga yaro yana jin kunyar hannun da ya rene shi, nakan ce masa ya koma ya karɓa tun mai bayarwar yana nan.